In Tafiya Ta Kama Ki Zuwa Birni, Tafi Da Muciyarki

Yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari da yake damun da yawa daga cikinmu mazauna karkara, amma ba safai akan zauna a yi maganarsa ba, watau inda mace za ta sauka da abin da za ta ci idan lalura ta kai ta babban birni, ta kuma tsare ta can kwana da kwanaki.

A da, macen ƙauye takan yi shekaru ba ta kwana a wani gari ba, in ba biki ko ta'aziyya ba. Yanzu kuwa zamani ya sake. Wata za ta kai ɗanta asibitin ƙashi na Dala a Kano, wata likitan Gusau ne ya tura ta asibitin koyarwa na Sakkwato, wata kayan ɗakin ɗiyarta za ta haɗo a Kantin Kwari, wata kuma malamar makaranta ce za ta kos ko jarrabawa. Mu nan ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ko Gusau ma ba kullum akan je a dawo a yini ɗaya ba, domin halin da hanyoyinmu suke ciki ya sa mai hankali ba ya yarda magariba ta riske shi a daji. Balle Kano, wadda sai an ratsa Tsafe da Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo kafin a hango Dala.

Matan Dareta sun san zaman jinya a baƙon wuri tun 2010, shekarar da gubar dalma ta wajen aikin zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF suka buɗe wurin jinya a asibitocin garuruwan nan biyu, uwaye kuwa suka tare can da 'ya'yansu makonni ana ba su magani. Duk wadda ta yi irin wannan zama za ta gaya miki cewa, bayan maganin kansa, babu abin da yake tsaya wa uwa a rai kamar abin da za ta sa wa yaro a baki da inda za ta sa haƙarƙarinta. Anka ke nan fa, inda ba ki rasa idon sani. To, ina ga birnin da ba ki san ko mai unguwa ba?

SAUKA GIDAN DANGI

Abin da muka gada shi ne a sauka gidan ɗan'uwa, al'ada ce kuwa mai kyau, gama zumunta a ƙafa take. Amma addininmu da ya umurce mu da girmama baƙo, shi ne kuma ya sa wa liyafa iyaka, kwana uku, abin da ya ƙaru a kai sadaka ce daga mai gida. Hausawa ma cewa suka yi baƙo raɓa ne.

Ki dubi halin ɗan'uwan nan naki na birni da idon basira. Ba shi da rumbu, ba shi da rijiya. Da awo yake sayen hatsi, da jarka yake sayen ruwa, har itace ko gawayi sai ya sa hannu a aljihu. Sau da yawa ciki da falo ne kurum yake haya, shi da matarsa da 'ya'ya biyar. Sai ga ku ku huɗu kun diro da sallama, likita kuma ya ce sai an yi mako uku. Kunya ba za ta bar shi ya ce kome ba. Za a kwashe yara a kai su maƙwabta, matar gida ta riƙa ƙara ruwa a miya, awon wata ya ƙare a kwana goma, shi kuwa ya shiga cin bashi a ɓoye.

Ke ma baƙuwar ba daɗi kike ji ba. Mara lafiya zai nemi kunu da tsakar dare, ki rasa bakin tada matar gida. Likita ya hana shi gishiri, ba ki da fuskar cewa a yi masa tukunya dabam. Tun ana yi miki sannu da zuwa da fara'a, har a koma gaisuwar fatar baki. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Gidaje nawa ne zumuncinsu ya yi tsami saboda zaman jinyar da ya wuce ƙa'ida, alhali babu mugu a cikinsu, rashi ne kawai da takura?

Otel kuwa ba na talaka ba ne. Bayan kuɗin kwana, ba a yarda ki hura wuta a ciki ba, sai dai ki sayi abinci safe da rana da dare. Ga shi kuma yawancinmu ba ma sakewa a wurin da maza baƙi ke kai da kawowa.

MASAUKI MAI KICIN

Akwai hanya ta uku, ita ce a kama wuri na ɗan lokaci, na kwanaki ko mako ko wata, wanda yake da wurin girki, ki dafa abinki da hannunki. Iri biyu ne. Akwai na masu hali, wanda 'yan birni suke kira shotlet, watau gida ko sashen bene da aka shirya da gado da kujeru da firji da murhun gas da tukwane, sai dai ki shigo da akwatinki. Wannan sana'a ta bunƙasa a duniya tun da aka kafa kamfanin Airbnb a birnin San Faransisko na Amurka a 2008, ta kuma yaɗu a Legas da Abuja, har ta iso Kaduna da Kano. Akwai kuma na daidai ƙarfi, watau ɗaki ɗaya ko ciki da falo a gidan haya, wanda mai gida zai yarda ya bayar na mako ko na wata, ki shimfiɗa tabarmarki, ki kafa kurfotinki a tsakar gida.

Kada wata ta ce wannan baƙuwar ɗabi'a ce ta Turawa. Kakanninmu fatake da suke tafiya Gwanja sayen goro, zango suke yadawa a bayan gari, matan da ke cikin ayari su kafa duwatsun murhu su tuƙa tuwo da guzurin da aka ɗauko. Daga nan ne unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara suka samo sunan Zango. A Kano, tun bayan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, baƙin 'yan kasuwa suke ta zuwa, fatoma ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Haka masu gidajen Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, suka riƙa saukar fataken shanu da na goro. Ki tambayi kowace tsohuwar Hajiya ma, za ta ba ki labarin yadda alhazan da suke ƙulla gari da kuka da daddawa tun daga gida, su yi ta tuƙa tuwo a gidajen haya na Makka. Ashe dai abin namu ne, kwaskwarima kawai zamani ya yi masa.

A FARA DA LISSAFI

Kafin ki yanke shawara, ɗauki takarda da alƙalami, ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta miki. Alal misali ku huɗu ne, za ku yi kwana 14. In sayen abinci za ku yi sau uku a yini, kwano 168 ke nan za ku biya. In kuwa da kicin a hannunki, girki biyu a yini ya isa, da ɗumame ko kunu da safe, tukunya 28 ke nan, mafi yawan kayanta kuma daga rumbunku suka fito. Nan ribar take.

Amma kada ki tsaya a kuɗin kwana kaɗai. Ki tambayi kuɗin ajiya, wanda akan riƙe don ko an fasa wani abu, a mayar miki ranar tafiya. Ki tambayi wanda zai sa kati a mitar wuta, da mai sayen man janareta, da mai cika tukunyar gas, da ladan dillali. Sa'an nan ki lissafa kuɗin mota. In za ki kai abinci asibiti sau biyu a yini, hawa huɗu ke nan zuwa da dawowa, a kwana 14 kin hau A Daidaita Sahu sau 56. Saboda haka gida mai araha a ƙarshen gari yakan fi na kusa da asibiti tsada in an gama ƙidaya. Wanda za ki iya takawa da ƙafa da kula a hannu, shi ne abin nema.

Ga ma'auni mai sauƙi. In ke kaɗai ce ko ku biyu, zaman kuma bai wuce kwana uku ba, sauka gidan dangi, ki riƙa musu tsaraba mai kauri. In kun kai uku ko huɗu, zaman kuma zai haura mako, nemi masauki. In kuɗin ya fi ƙarfinki, ki tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata huɗu da za su sayayyar biki, ko malamai huɗu da za su kos ɗaya, suna iya haɗa kuɗi su kama wuri guda, su raba kwanan girki kamar yadda aka saba a gida.

KADA KI YI CINIKIN BIRI A SAMA

Yanzu tallan irin waɗannan gidaje ya cika Facebook da WhatsApp, da hotuna masu ɗaukar ido. Hoto ba ya nuna wari, ba ya nuna famfon da ya yi wata bai kawo ruwa ba. Akwai kuma 'yan damfara da suke sa hoton gidan da ba nasu ba, su ce a turo kafin alƙalami, da kuɗi ya shiga sai waya ta mutu. Don haka kada ki tura ko sisi sai wani naki ya je ya gani da idonsa, ya kuma tabbatar mai maganar shi ne mai gidan ko wakilinsa. A nan ne ɗan'uwan naki na birni zai yi miki rana, zai kuwa yi da farin ciki.

In kin isa, kada ki yi saurin kwance kaya. Murɗa famfo ki gani, ki tambaya ko rijiyar burtsatse ce ko sai an jira 'yan ga-ruwa. Kunna murhu. Buɗe firji ki taɓa ki ji ko da sanyi. Ɗaga katifa ki duba ɗinkinta saboda kuɗin cizo. Gwada sakatar ƙofa da ta taga. In kuna tare da tsohuwa ko mai ɗauri a ƙafa, kada ki karɓi saman bene, ki kuma lura da daɓen banɗaki, domin tayil in ya jiƙe ya fi kuɓewa santsi. Wadda ba ta saba da masai na zama ba, a nuna mata yadda ake amfani da shi tun ranar farko, ba abin kunya ba ne.

Daga nan ki kira mai kula da gidan ku ƙidaya kaya tare, faranti nawa, kofi nawa, cokali nawa. Abin da kika tarar a fashe ko a tsage ki nuna masa, ki ɗauki hotonsa da waya. A rubuta ranar shiga da ranar fita da abin da kika biya, ki karɓi rasit ki ƙulle. Ki kuma tambaya tun yanzu yadda za a yi in likita ya ƙara muku kwana, ko ya sallame ku kafin lokaci. Maganar da aka yi da rana tsaka ba ta zama rigima da dare.

GUZURIN MAI HANKALI

Kicin ɗin birni an shirya shi ne don mai dafa taliya da soya ƙwai. Za ki tarar da cokula masu yatsu har dozin, amma da wuya ki ga muciya. Saboda haka ki sa muciyarki a kaya, da maburgi da mara da rariya, da tukunya guda mai kauri wadda za ta jure tuƙi. Ki haɗa da kula ta kai abinci asibiti, da fulas na ruwan zafi, da buta, da tocila, da gidan sauro, da kwaɗonki na kanki.

Wajen abinci kuwa, ai mu ne da abin. Ki niƙo garin dawa ko na masara, ki tankaɗe, ki shanya shi ya bushe sarai don kada ya yi tsami a leda. Ki yi garin kunu da tsamiya, da gumba. Ki ɗauko kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kauɗar tumatir da tattasai, da busasshen zogale da ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa da 'yar kanwa. Hoce yana kwana biyu bai lalace ba, shi zai riƙe ku a mota da daren da kuka sauka. In da hali, a soya nama ya soyu ƙwarai ko a yi dambunsa. Abin da ya rage, kamar ɗanyen kayan miya da lemo da ayaba, sai ki saya can kaɗan-kaɗan. A Kano kasuwar 'Yankaba ita ce ta kayan gwari, 'Yan Lemo kuma ta kayan marmari, amma in sun yi miki nisa, kasuwar unguwa ta wadatar.

Ga wani gargaɗi musamman ga 'yan'uwana na ƙauyukan da ake aikin zinariya. Bala'in 2010 ya koya mana cewa dalma tana bin ƙurar dutse ta shiga abinci. Kada a niƙa garin guzuri a injin da ya taɓa niƙa dutse, kada a daka shi a turmin da aka daka dutse, kada kuma a zuba shi a buhun da ya taɓa ɗaukarsa. Bai kamata a kai yaro neman lafiya da guba a ƙunshe cikin guzurinsa ba.

Babban amfanin wannan wahala duka shi ne mara lafiya ya ci abin da ya saba da shi, kuma irin wanda likita ya yarda. Mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano, mai ciwon sukari a kiyaye masa abin da aka hana shi. Mai sayar da abinci a bakin titi ba za ta yi miki wannan ba, don jama'a take dafawa. Sau da yawa tsohon da ya ƙi shinkafar kanti, da ya ji ƙamshin miyar kuka irin ta gida sai ki ga ya miƙa hannu.

WUTA DA HAYAƘI

Yanzu ga inda nake so ki tattara hankalinki, domin nan ne rai yake. Wadda ta saba da itace a fili, ranar da ta fara girki a rufaffen kicin tana bukatar a koya mata, kome shekarunta a aure. Matambayi ba ya ɓata.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In yana tsiyaya ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara suke barci. Warin nan da kike ji da gangan kamfani ya sa masa don a gane in yana fita. Ranar da kika shiga, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a tiyo da bakin tukunyar. In kin ga kumfa tana tasowa, to, akwai kafa, kada ki kunna sai an gyara. Kada ki kuskura ki gwada da ashana. Kullum kika gama girki, ki rufe daga kan tukunyar. In kin shigo kin ji wari, kada ki ƙyasta wuta, kada ki taɓa makunnin lantarki ko don kunnawa ko don kashewa. Rufe tukunyar, buɗe ƙofofi da tagogi, ki fitar da kowa waje. In mai ya kama wuta a kasko, kashe murhun ki kife masa murfi. Ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi.

Kada ki ɗauki wannan wasa. A 1997 gobara ta tashi a tantunan alhazai a Mina, ta ci rayuka fiye da 300, aka kuma danganta ta da murhun gas na girki. Bayanta ne hukumomin Saudiyya suka kafa tantuna marasa kama wuta, suka hana girki da gas a cikinsu.

Akwai kuma wanda ya fi gas mugunta, domin shi ba ya wari, ba a kuma ganinsa. Iska ce mai guba da masana suke kira kabon monoksaid, wadda take fita daga garwashin gawayi da hayaƙin janareta. In ta taru a ɗaki sai ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake bukata. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, ya ɗauka gajiyar hanya ce, ya kwanta, shi ke nan. Sau nawa muke jin labarin iyali guda da aka wayi gari babu ko ɗaya? Don haka kada ki shigar da kurfoti ɗaki ki rufe ƙofa, ko da ɗarin hunturu ya kai yaya. Ki zagaya ki ga inda janaretan gidan yake, da na maƙwabta. In a baranda yake ko a gindin tagar da kuke kwana, a matsar da shi, in an ƙi ki nemi wani wuri. In kuka ga ku duka ciwon kai ya kama ku lokaci ɗaya, ku fita fili nan take, a nufi asibiti. Kada a tsaya ɗura wa mutum manja ko madara.

RUWA DA KWANTAI

Ruwan da ya fito daga famfo fari tas ba lalle ne ya zama mai tsabta ba, domin ba ki san rabon tankin da wanki ba. A 2021 annobar kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Kano da Zamfara kuwa suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ki tafasa ruwan sha har ya yi minti guda yana ɓararraka, ki rufe shi ya huce. Ganye da kayan marmari a wanke su da ruwa mai kyau.

Kada kuma firji ya ruɗe ki. Wutar birni zuwa take ta ɗauke, naman da ya yi ƙanƙara da dare yana iya narkewa kafin azahar. Masana lafiya sun ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Ki dafa daidai ci. Ɗumame ya ɗumamu har cikinsa yana tururi, mara lafiya da ƙaramin yaro kuwa a yi musu sabo. Ƙanzo da guntun tuwo kada a tura su ramin wurin wanke-wanke, toshewa yake yi, a cire kuɗin gyara daga ajiyarki.

MUTUNCI MADARA NE

Na san abin da wasu za su ce, wai me zai kai matar kirki kama ɗaki a birni? Amsa ita ce a yi abin a fili. Ki fita da iznin maigida, tare da muharrami ko babbar mace, a gida kuma a san sunan unguwa da layi da lambar wayar mai gidan. Kafin ki biya, a bincika su wane ne a sauran ɗakunan, domin akwai gidajen da samari suke kamawa don shagalin dare, irin wannan ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Gidan da iyali suke ciki shi ya fi.

Da kin sauka ki shiga ki gai da matan maƙwabta, ki gaya musu abin da ya kawo ki. Su ne za su nuna miki mai niƙa da mai gawayi da kantin magani, su ne kuma za su fito in kin yi kira da dare. Amma kada ki buɗe wa kowa cikinki game da kuɗin da kika zo da su, kada ki buɗe ƙofa ga wanda ba ki sani ba, ko ya ce gyara ya zo yi, sai mai kula da gida ya tabbatar. Ki riƙe lambar 112 ta neman agajin gaggawa, tare da ta wani naki na garin.

Dangi kuma kada su ji zuwanki a bakin wani, wannan shi ne zai zama abin zargi. Tun kafin ki taso ki sanar da su, ki ce zaman mai tsawo ne, ba ki so ki ɗora musu nauyi. Ki je ki gaishe su da tsarabar gero da daddawa, ki yini, su ma su zo ki tuƙa musu tuwon dawa irin wanda suka daɗe ba su ci ba. Za ki ga an rabu ana marmarin juna.

Ranar tafiya ki share gidan mutane, ki wanke tukwane, a sake ƙidaya kaya, ki miƙa mabuɗi hannu da hannu, ki karɓi ajiyarki. Ragowar kuka da gari ki raba wa maƙwabtan da suka taimake ki. Yadda kika bar wurin, haka za a karɓi 'yar garinku da za ta zo bayanki.

A ƙarshe ina kira ga attajiranmu da ƙungiyoyin 'yan asalin Anka da Bukkuyum da Gummi mazauna Gusau da Sakkwato da Kano, da kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara, da su dubi matan da ko kuɗin ɗaki ɗaya ba su da shi, waɗanda suke kwana a barandar asibiti da jarirai a baya. Gida guda mai ɗakuna kaɗan da rijiya da wurin girki kusa da babban asibiti, in aka yi waƙafinsa don masu jinya daga karkara, sadaka ce mai gudana wadda ladanta ba ya yankewa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, amin.